Raina tsufa ne ke jawo cin zarafin tsofaffi? Ga abinda bincike ya gano

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana ta yaɗa cewa tsoho 1 cikin 6 ana cin zarafinsa, wai kuma raina tsufa har rage tsawon rai yake. Don Allah da gaske ne ko ƙari ne irin na masu neman tallafi? Kuma raina su ɗin ne ke sa a zalunce su? Ni dai a ganina wannan matsalar ƙasashen da ake kai iyaye gidan kula da tsofaffi ce.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Lissafin 1 cikin 6 ɗin nan ba ƙari bane, in ma akwai gyara a cikinsa to ya yi ƙasa ne. Ya fito ne daga wani aiki da Yongjie Yon da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet Global Health a 2017, inda suka tattaro bincike 52 da aka yi a ƙasashe 28, guda 12 daga ciki ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, suka haɗa su suka fitar da cewa kashi 15.7 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara ɗayan da ta gabaci tambayar, wato wajen mutum miliyan 141 kenan a lokacin. Shi Hukumar Lafiya ta Duniya take ambata har yau. To ga inda zaton ki na ƙarshe ya samu matsala, mutanen da aka ƙirga ɗin nan duk a gida suke zaune, cikin iyalansu ko su kaɗai, ba a saka na gidajen kula da tsofaffi a ciki ba sam, su lissafinsu daban aka yi.

Mutane da sun ji an ce cin zarafi sai tunaninsu ya tafi kan duka, alhali duka kashi 2.6 ne kawai a wancan lissafin. Mafi yawa na baki ne da na zuciya, kashi 11.6, zagi, tsawa, gori, barazanar kora, hana mutum ganin 'yan uwansa, ko a yi kwana da kwanaki ana wuce shi kamar babu shi a gidan. Sai na dukiya kashi 6.8, sai sakaci kashi 4.2 irin a bar mutum ba wanka ba magani ba abinci akan lokaci, lalata kuma kashi 0.9. In kin haɗa za ki ga sun wuce 15.7, dalili kuwa mutum ɗaya yakan haɗa biyu ko uku, wadda ake cinye mata fansho sau da yawa ita ce dai ake yi wa tsawa in ta tambayi ina kuɗin.

Sannan ba kowace cuta da aka yi wa tsoho ake sakawa a wannan layin ba. Ma'anar da ake aiki da ita wata ƙungiya ce a Birtaniya mai suna Action on Elder Abuse ta tsara a 1995, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a sanarwar Toronto ta 2002, kuma sharaɗin da ke cikinta shine abin ya faru tsakanin tsohon da wanda ya kamata a ce ya aminta dashi. Ɓarawon da ya fizge wa tsohuwa jaka a titi laifi ya yi amma baya cikin lissafin nan. Ɗa, 'ya, miji, mata, suruka, jika, mai aikin jinya, su ake nufi. Amana ce ake ci, shi yasa gano abin yake da wahalar tsiya.

Dalilin da yasa nace lissafin ya yi ƙasa, ki duba yadda ake yin binciken kansa. Ana buga waya ne ko a je gida a yi tambayoyi, to wanda gigin tsufa ya kama ba zai iya amsawa ba sai a cire shi, wanda baya ji sosai a cire shi, wanda yake kwance ba ya iya zuwa ga waya a cire shi, kin ga an cire mutanen da suka fi kowa shiga haɗari tun kafin a fara ƙirge. Wadda aka samu kuma wataƙila mai cutar da ita yana zaune a gefe yana jin amsar da take bayarwa. A jihar New York an yi wani aiki mai kyau da aka fitar a 2011, suka tambayi tsofaffi kai tsaye sannan suka je suka duba rajistar hukumomi, 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a da sauransu, sai suka ga a cikin kusan 24 ɗaya ne kawai yake isa gaban hukuma, na dukiya ma 1 cikin 44. Wannan fa a gurin da akwai lambar waya ta musamman da ma'aikata da dokoki. Tsohuwa bata son a kama ɗanta, so take ya daina kawai, hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, ga kunya, ga tsoron in aka tafi dashi wa zai kawo mata ruwa. Kuma masu binciken 2017 ɗin da kansu sun faɗa cewa ingantattun alƙaluma daga Afirka da kudu maso gabashin Asiya sun yi ƙaranci, to ƙarancin alƙaluma ba shine ƙarancin abin ba, ba a ƙirga bane kawai.

Gidajen kula da tsofaffin da kika ambata kam ba a wanke su ba. Yon ɗin dai ya sake wani tattarawa a 2019, ma'aikata kashi 64.2 cikin 100 suka amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu na cin zarafi a shekarar da ta wuce, kusan 2 cikin 3. Galibi inda ma'aikaci ɗaya yake riƙe da mutane da yawa ne ga albashi kaɗan ga rashin horo, sai a koma ɗaure mutum a kujera ko a ɗirka masa maganin barci don a samu sauƙin aiki. Amma a cikin gida ma, Claudia Cooper da abokan aikinta a Ingila sun tambayi mutum 220 masu jinyar ɗan uwansu mai gigin tsufa, aka buga a mujallar BMJ a 2009, rabinsu suka ce eh sun taɓa yin wani abu da bai dace ba, kashi ɗaya cikin uku abin ya kai matakin da za a damu, yawanci tsawa da baƙar magana, masu duka ƙalilan ne ƙwarai. Abinda ya fi jan hankalina a aikin shine da aka tambaye su cikin mutunci basu ɓoye ba, kamar dama jira suke wani ya tambaya.

Kuma abin yana kisa. Mark Lachs ya bi tsofaffi sama da 2,800 a garin New Haven na Amurka, sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 1998, bayan shekara 13 kashi 9 cikin 100 ne kawai suka rage a raye cikin waɗanda aka tabbatar an ci zarafinsu, sauran jama'a kuwa kashi 40. Ko da aka cire tasirin rashin lafiyar da suke da ita tun farko da talauci da sauran abubuwa, haɗarin mutuwarsu ya ninka wajen sau 3. Ba sai duka ya yi kisa ba, mai ciwon suga da ba a bashi magani akan lokaci, mai hawan jini da kullum cikin fargaba yake kwana, mai gyambon kwanciya da ba a juya shi, a takardar asibiti za a rubuta ciwon ne ya kashe shi.

To sai maganar raina tsufa. Wanda ya fara ware abin a matsayin matsala mai zaman kanta wani likitan ƙwaƙwalwa ne a Amurka, Robert Butler, a 1969, lokacin da mazauna wata unguwar masu hali a Washington suka tada ƙayar baya don za a mayar da wani bene gidan tsofaffi marasa ƙarfi, ya ce wannan ai wariya ce kamar ta launin fata, saidai ita akan shekaru ake yinta. Yanzu masu bincike suna kallonta ta fuska uku, abinda muke zato game da tsoho, abinda muke ji a ranmu game dashi, da abinda muke aikata masa, kuma tana iya zama a cikin doka da tsarin asibiti ko ma'aikata, tana iya zama tsakanin mutum da mutum, tana kuma iya zama a zuciyar tsohon shi kansa. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da babban rahoto akai, ta ce mutum 1 cikin 2 a duniya yana da irin wannan kallon ga tsofaffi, daga amsoshin mutum sama da 83,000 a ƙasashe 57. Abinda ba a cika son ji ba shine ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi yawan abin a wancan lissafin, yankin Afirka da kudu maso gabashin Asiya suna sama. Michael North da Susan Fiske ma a 2015 sun tattara binciken da ya kwatanta ƙasashen gabas da na yamma, kowa yana zaton gabas za su fi ganin girman tsoho, sai aka samu akasin haka. Ni bana ɗaukar waɗannan ma'aunan a matsayin yankan shakku, tambayoyin da aka yi amfani dasu gajeru ne kuma fassara su daga harshe zuwa harshe tana canza musu nauyi, amma dai sun isa su nuna cewa gaisuwar girmamawa daban, yadda ake ɗaukar mutum idan ƙarfinsa da kuɗinsa suka ƙare daban.

Maganar tsawon rai kuma daga Becca Levy ta jami'ar Yale ta fito. Rai dai a hannun Allah yake, sababi ake magana. A 2002 ta buga sakamakon mutum 660 masu shekara 50 zuwa sama a wani ƙaramin gari a jihar Ohio, an tambaye su tun 1975 yadda suke kallon tsufansu, irin su ko kana jin amfaninka yana raguwa yayin da kake tsufa, sannan aka bi su har shekara 23, sai aka ga masu kyakkyawan kallo sun fi sauran daɗewa da shekara 7.5, kuma bambancin bai ɓace ba bayan an yi la'akari da shekaru da jinsi da ƙarfin arziki da kaɗaici da lafiyar jiki. A wani aikin nata na 2009 da bayanan wani dogon bincike da aka yi a garin Baltimore na Amurka, mutanen da tun suna ƙasa da shekara 50 suke da mummunan zato ga tsofaffi, bayan shekara 30 kashi 25 cikin 100 sun gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko makamancinsu, masu kyakkyawan zato kashi 13. Wato zaton da kike yi wa tsoho yau kanki kike tara wa, don in an yi tsawon rai ke ma can za ki.

Saidai kar a ɗauki 7.5 ɗin nan kamar alkawari, gari ɗaya ne, kuma bin mutane aka yi ana kallo, ba gwaji bane da aka raba su gida biyu aka canza wa wasu tunani, yana yiwuwa wanda jikinsa ya fara bashi alama tun kafin likita ya gani shine yake kallon tsufa da baƙi. Akwai ma wani sanannen gwaji na 1996 da aka ce ɗalibai sun rage saurin tafiya don kawai an nuna musu kalmomin da suka shafi tsufa, aka yi ta yayata shi a littattafai, da wasu masu bincike a Beljiyam suka maimaita a 2012 da na'urar auna lokaci bai fito ba. To fannin yana da nashi tarkacen. Amma gungun shaidar gaba ɗaya tana da nauyi, E-Shien Chang da Levy da wasu sun duba bincike 422 daga ƙasashe 45 a 2020, mutum sama da miliyan 7, a kashi 95.5 cikin 100 na binciken an samu alaƙa tsakanin wariyar shekaru da taɓarɓarewar lafiya, kuma cikin guda 149 da suka duba samun magani, a kashi 85 shekarun mutum ne suke yanke ko za a yi masa wani aiki ko a'a. Hanyar ma a fili take ba sai an yi dogon falsafa ba. Wanda ya yarda ciwon gwiwa tsufa ne ba zai je asibiti ba, in ya je likitan ma ya ce Baba ai shekaru ne sai ya dawo gida, rashin ji da raunin gani da ciwon damuwa duk abubuwa ne masu magani amma a barsu a ce girma ne, har gwajin sababbin magunguna an daɗe ana cire tsofaffi a ciki alhali su ne za su fi shan maganin.

Yanzu ga ainihin tambayar ki, shin rainin ne ke haifar da zaluncin. Kusan kowa a fannin ya yarda akwai alaƙa, amma in kika ce a kawo shaida kai tsaye sai ki ga 'yar kaɗan ce. Karl Pillemer da David Burnes da Andie MacNeil sun rubuta haka ƙarara a mujallar Nature Aging a 2021, cewa ana ta maimaita maganar kamar an gama tabbatar da ita alhali binciken da ya gwada ta bai taka kara ya karya ba. Akwai aikin Chang na 2021 da ya kwatanta ƙasashe 56 ya ga inda wariyar ta fi kafuwa a tsari da tunanin jama'a nan aka fi samun tashin hankali akan tsofaffi, amma kwatanta ƙasa da ƙasa baya gaya miki abinda ya faru a cikin ɗaki ɗaya tsakanin uwa da ɗanta.

In aka shiga ɗakin kuwa wani abu daban ake tararwa. Da farko, tun bayan da likitocin Birtaniya suka fara rubutu akan dukan kakanni a 1975, bayanin da ya yi tashe shine gajiyar mai jinya, wai tsohon ya zama nauyi, mai kula dashi ya gaji har ya kai bango. Akwai gaskiya a ciki musamman a gigin tsufa, amma Pillemer tun a shekarun 1980 ya nuna cewa sau da yawa abin a juye yake, mai cin zarafin ne yake dogare da tsohon, a gidansa yake zaune, kuɗinsa yake ci, ga shaye-shaye ko taɓin hankali ko zaman banza. A binciken da suka yi da David Finkelhor a Boston a 1988, mutum wajen 2,000, sun samu 32 cikin 1,000 an ci zarafinsu, kuma ma'aurata sun fi 'ya'ya yawa a cikin masu aikatawa, wato wani kason rikicin aure ne da ya tsufa tare da masu shi. Ron Acierno kuma da ya tambayi mutum 5,777 a faɗin Amurka aka buga a 2010, abinda ya fi fitowa a kusan kowane nau'i shine rashin mutane a kusa, tsohon da ba mai leƙo shi ba mai kiransa. Ni wannan bayanin ya fi gamsar dani, kuma yana da amfani a aikace, don in kika ɗauka duk gajiya ce sai ki ƙare da lallashin mai laifi kina ce masa sannu da ƙoƙari, a bar tsohuwar a hannunsa.

Aikin da nake ganin ya fi kowanne nuna yadda abubuwan biyu suke haɗuwa na wani masanin tattalin arziki ne, Edward Miguel, da aka buga a 2005. Ya duba ƙauyuka 67 a gundumar Meatu ta Tanzaniya, inda ake kashe mutane bisa zargin maita, kusan dukkansu tsofaffin mata, kuma yawanci dangi ne suke da hannu. Sai ya gano a shekarar fari ko ambaliya kisan yana ninkawa biyu. Imani da maita yana nan kowace shekara bai canza ba, abinda ya canza shine abinci ya yi kaɗan a gida. Yunwa ce ta tada rikicin, amma me yasa ba a zargi saurayi mai ƙarfi ba sai tsohuwa? Don ita aka riga aka yanke cewa ta gama amfani, ita ce in ta tafi ba za a yi dogon bincike ba. A fahimtata aikin raina tsufa kenan a yawancin lokuta, ba lallai shi ne yake ɗaga hannu ba, talauci da ƙwaya da kwaɗayin gado da tsohuwar gaba sun isa su ɗaga shi, shi nashi shine ya nuna wanda za a sauke hannun a kansa, sannan ya rufe bakin duk wanda ya gani. Likita ya ga tabo a jiki ya ce fatar tsofaffi ce dama, ɗan sanda ya ce maganar gida ce ku je ku sasanta, ma'aikacin banki ya ga jika yana ta cire kuɗi ya ce ai taimaka mata yake, in ta yi ƙorafi a ce rikicin tsufa ne ta fara ruɗewa, ita ma kanta ta ce to ni da na zama kaya me zan ce. Yaro in ya zo asibiti da irin wannan tabon ai tsayawa ake a yi tambaya.

Akwai kuma nau'in da yake zuwa da fuskar tausayi, shi yafi wuyar kamawa don mai yinsa yana ganin alheri yake. A karɓe wa mutum katin banki don kar a cuce shi, a yanke shawarar aikin da za a yi masa a asibiti yana zaune ana magana da ɗansa ta saman kansa, a sayar masa da kadara don wai ya huta, a dinga yi masa magana da murya irin ta lallashin jariri. Kristine Williams a Kansas ta ɗauki bidiyon ma'aikatan jinya da masu gigin tsufa, ta ga in aka yi musu irin wannan maganar yiwuwar su ƙi yarda a yi musu wanka ko a basu abinci tana kusan ninkawa, kin ga ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu yana gane raini. Daga ƙin yarda sai tsawa, daga tsawa sai riƙe hannu da ƙarfi. Kuma katin da aka karɓa da niyyar kariya, in wata ya yi nisa aka shiga matsi, shine dai ake fara ranta a ciki ba tare da an faɗa ba.

Lokacin korona an ga duka biyun a fili, ana faɗa a kafafen labarai cewa ai tsofaffi kawai take kashewa kamar wani abin kwantar da hankali ne, ga kulle ya haɗa mutane da masu cutar dasu a gida ɗaya. Chang da Levy sun samu tsoho 1 cikin 5 an ci zarafinsa a Amurka a lokacin, ƙarin kusan kashi 84 cikin 100 akan na da, duk da dai ta intanet aka yi tambayar kuma mutanen basu kai 1,000 ba.

Wajen magani gaskiya an bar fannin a baya. Rage raini an san abinda ke aiki, Burnes ya tattara bincike 63 a 2019, ilimantarwa akan tsufa da haɗa yara da matasa da tsofaffi su yi wani abu tare suna canza tunani, in aka haɗa biyun yafi, kuma basu da tsada. Amma hana cin zarafin kansa, da ƙungiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya tana tacewa ta duba a 2016 bincike 7 kawai ta samu da suka cika sharaɗi, ta ce babu isasshiyar shaidar da za a ce ga abinda yake hanawa. Wani shiri da aka gwada a Ingila mai suna START ya rage wa masu jinya damuwa sosai amma bai nuna ya rage munanan halayen ba, wanda ya ƙara nuna gajiya ba ita kaɗai bace. Abubuwan da ake ganin suna da alamar nasara sune ba mai jinya hutu da taimako, sa ido akan kuɗin wanda ya fara mantuwa ta hanyar mutum fiye da ɗaya, layin waya na neman agaji, mafakar gaggawa, da tawagar da ta haɗa likita da lauya da ma'aikacin jin daɗin jama'a da ɗan sanda akan matsala ɗaya. Ta ɓangaren doka Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi a 2016, a watan Afrilun 2025 kuma kwamitin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa rukunin da zai fara rubuta ta duniya baki ɗaya, ranar 15 ga Yuni ta kowace shekara ma an ware ta don wannan. Masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, ana sa ran biliyan 2.1 a 2050, kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, inda fansho da ma'aikatan jinya suka fi ƙaranci.

In kuma akwai wani da kike zargi ana cutarwa ne yasa kika yi tambayar, abu na farko ki samu ganinsa shi kaɗai, ba a gaban mai kula dashi ba, in mai kulan ya ƙi barin ku ku biyu ko yana riga shi amsa kowace tambaya wannan ma alama ce. Kar ki ce ana cin zarafinki, ba wadda zata ce eh. Likitoci a Kanada ƙarƙashin Mark Yaffe sun tsara tambayoyi 6 kacal da ake yi cikin 'yan mintuna, irin su akwai wanda ya hana ki abinci ko magani ko ganin mutanen da kike so, akwai wanda ya yi miki maganar da ta sa kika ji kunya ko tsoro, akwai wanda ya matsa miki ki sa hannu a takarda ko ki bada kuɗi ba da son ranki ba. Tabo kuma gurinsa ake dubawa, Laura Mosqueda da abokan aikinta a Kalifoniya sun ga tabon da tsoho yake samu da kansa kusan kashi 90 cikin 100 a hannu da ƙafa yake, na wuya da kunne da mazaunai da tafin ƙafa ba na faɗuwa bane a al'ada, haka babban tabo da ya wuce santimita 5 a fuska ko a baya abin tsayawa ne a tambaya. Ki lura da rama ba dalili, magani da baya ƙarewa ko yake ƙarewa da wuri, da kuɗi da suke fita ba bayani. In hankalinta ƙalau yake ki tambaye ta me take so a yi kafin ki ɗauki mataki, don in kika yanke mata hukunci ba da saninta ba kin maimaita abinda ake yi mata ne, kuma zata iya rufe miki ƙofa gaba ɗaya. In kuwa rai na cikin haɗari ko gigin tsufa ya hana ta kare kanta, wannan ba a jira, asibiti da hukuma za a nufa.